Yaƙin Hambali da Tantabarun Bene

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin Hambali ɗan Tasi'u, jikan Barau, tattaɓa-kunnen wani da aka ce ya taɓa riƙe wa wani barde linzami. Gwarzon masu wankin hula na Fagge, dodon datti, mai buroshi maganin maiƙo, namijin da sitaci ke yi wa mubaya'a, wanda in ya jera huluna a kan katakansu bisa rufin bene sai ka rantse majalisar fada ce ta zauna babu gangar jiki.

A shekarar da wannan fitina ta auku, rundunar tantabaru ta sauka a rufin nan ba sallama, ƙarƙashin jagorancin wata gurguwa mai jan ido, wadda mu mutanen layi muka raɗa wa suna Jar-Ido. Ba su zo da mashi ba, ba su zo da kibiya ba. Makaminsu guda ne, daga sama ake sako shi, kuma bai taɓa kuskuren farar hula ba.

Hambali ya ja ɗamara. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, suka yi sheƙa a aljihun. Ya ɗauki gwafa ya saki dutse da kabbara, dutsen ya wuce abokan gāba ya sami tulun matarsa Dije, aka yi kwana biyu ana cin tuwo ba gaisuwa. Mu kuwa, dakarun benci, masu yaƙi da baki, kullum muna ƙasa muna ba da shawara, babu wanda ya taɓa hawa matakala.

Ana cikin haka surukinsa Alhaji Mamuda, mahaifin Dije, mutumin da Hambali bai taɓa haɗa ido da shi ba shekara goma sha huɗu, ya aiko da hularsa Zanna Bukar, wadda ya ajiye domin ɗaurin auren autarsa bayan la'asar ranar Juma'a. Wallahi Hambali ya ji tsoro. Ya san in ɗigo ɗaya ya taɓa hular nan, ba sauran fuskar da zai ƙara tsugunawa da ita a zauren Alhaji.

Sai ya koma ga makircin magabata: kwando a kife, sanda, igiya, da gero. Kwana uku yana kwance rub-da-ciki bayan tankin ruwa, rana na gasa masa ƙeya, har ranar Alhamis Allah Ya kawo buɗi, ya fizgi igiya yana cewa, "Yau dai ƙarya ta ƙare!" Fursuna goma sha tara, har da Jar-Ido.

Muka ce a yi farfesu. Hambali ya ƙi, domin mahaifiyarsa ta bar masa wasiyya cewa tsuntsun da ya nemi mafaka a gidanka amana ne, ba a sa masa wuƙa. Sai ya yanke hukuncin kora zuwa Wudil. Dije ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ka dai fige musu fiffike tukuna." Ya ce sadauki ba ya wulaƙanta wanda ya kama. Mu ma duk mun san maganar Dije ce gaskiya, amma farfesun da aka hana mu ya rufe mana baki.

Safiyar Juma'a ya wanke hular Alhaji, ya ba ta sitaci, ya ɗora ta a kan katako a tsakiyar rufin, fili fetal, ba ko rufi, tunda ƙasa ta zauna lafiya. Ya ɗauki kwando a ka ya hau bas. A bakin gadar Wudil ya buɗe murfi, ya yi wa fursunoni wa'azi mai ratsa jiki, suka tashi. Shi kuma motarsa ta dawowa ta yi faci sau biyu.

Ana sallame la'asar ya iso, buɗu-buɗu da ƙura, muka tarye shi da kirari, ba wanda ya iya gaya masa abin da muka gani tun kafin azahar. Ya hau bene. Goma sha tara cif, sun riga shi. Jar-Ido na tsaye da ƙafa ɗaya a kan Zanna Bukar, ta riga ta buga mata hatimi har uku.

A daidai nan aka yi sallama a ƙasa.

Hambali ya sauko ya tsuguna, kai a ƙasa, ya miƙa hular da hannu biyu. Alhaji Mamuda ya juya ta, ya sake juyawa, ya dubi sama, sannan ya ce, "To. Miƙo taka."

Haka aka ɗaura aure, uban amarya sanye da hular da ta sha gumin Wudil, sarkin wankin hula na Fagge kuwa yana can sahun baya da kai tsirara. Washegari da hantsi Dije ta hau shanya, ta tarar da shi yana watsa gero a kusurwar da ta fi nisa da huluna, Jar-Ido na duba harajin ko ya cika.