Jirgin Gwanjo Da Wasiyyar Da Na Yi Gaban Surukina

Ko zan manta komai na zamana a Landan, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukina gasar kamun kifi ba. Har yau idan abin ya faɗo mini, ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa nake sai na rufe fuska da tafin hannu.

Bari in fara da gaskiya. Ni ɗan cikin birnin Kano ne. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma an hana mu zuwa. Aikina haɗa magani a wani asibiti, muna zaune a unguwar Catford da matata Hadiza da 'ya'yanmu biyu. Shekarar da hawan jini ya fara yi mini sallama, likita ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga gari. Wani Bature abokin aikina, Graham, shi ya ja ni kamun kifi da ƙugiya. Sau uku na bi shi bakin kogi, sau uku na dawo hannu rabbana. A na ukun ne ya kamo wani ƙaton kifi, na ce ya ba ni in ji nauyinsa, ya ɗauke ni hoto. (Ban ce ni na kama ba. Na dai tura hoton zauren dangin matata na waya, na rubuta "Alhamdulillah", na ja bakina na yi gum.)

To, Hadiza 'yar Yauri ce, kuma gidansu gidan Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. Shekara goma sha ɗaya ina surukin gidan ana yi mini kallon ɗan birni mai tsoron ƙayar kifi. Ranar nan kuwa yabo ya yi ta shigowa. "Ashe mijin Hadiza namu ne!" Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Da Graham ya ba ni labarin gasar da ake yi a manyan tafkunan arewacin Ingila, mutum biyu a kowane jirgi, sai na ce ai mu ma da mu za a yi. Na shiga neman jirgin gwanjo. Na samu ɗaya a bayan gari, wajen wani dattijon Bature, Mista Colin, wanda ciwon gwiwa ya raba da ruwa. Jirgi ne fari mai ratsin kore, da injinsa, da tirelarsa, har da wata 'yar na'ura mai allo da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Da ya yaye tampol ɗin, wallahi nan take ya shiga raina. Na yi ta shafa shi kamar ragon layya.

Dattijon ya so ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya miƙo mini wata 'yar leda, ya fara cewa, "Wannan na cire shi ne saboda ruwan sama, kada ka..."

Na katse shi da murmushi. "Kada ka damu, surukaina a cikin ruwa ake haifar su."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to. Na jefa ledar a aljihun mota.

Da na iso Catford da jirgi a bayan mota, Hadiza ta leƙo ta taga, ta sauko da ludayi a hannu. "Abban Ummi, a ina za mu ajiye wannan? Motar ma da ƙyar hukumar unguwa ta ba mu wuri." Mako biyu jirgin nan ya yi a ƙofar gida yara suna hawa, kafin wani maƙwabci ya ara mini gefen garejinsa.

Ana saura kwana uku gasa Graham ya kira ni, wai uwarsa ba lafiya, ya fasa zuwa. A lokacin mahaifin Hadiza yana gidanmu. Ya zo ne an cire masa yanar ido, bayan shekaru yana lalube. Aikin ya yi kyau, ido ya warke, amma tsohon nan kullum yana zaune bakin taga yana kallon bas-bas. Hadiza ta ce, "Ka tafi da Baba mana. Zaman flat ɗin nan na cin sa."

Na yi murna, don a tunanina damar da zan nuna masa kamun kifin zamani ce ta zo. Tafiyar awa biyar muka yi ran Juma'a, ni kuma awa biyar ina lacca. Na yi masa bayanin na'ura, na yi masa bayanin iska, har (Allah Ya yafe mini) na yi masa bayanin halayyar kifi. Abin da kawai yake cewa shi ne, "To, Malam. Ikon Allah."

Da safe muka gangara bakin tafkin. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, ya kwanta lif kamar an goge faranti, duwatsu sun kewaye shi, kawunansu cikin gajimare, kuma ga su nan a kife cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fito daga mota ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Can na ji ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Shekara shida rabon da in ga ruwa da idona. Sai dai in ji ƙamshinsa."

Jirage sun fi talatin, kowa na shiri. Bayan na yi baya da tirela sau bakwai (wata mata cikin masu shirya gasar ce ta karɓi sitiyarin a na takwas), jirginmu ya hau ruwa. Muka sa rigunan ceto, irin waɗanda ke hura kansu da zarar sun jiƙe. Na tada inji, muka bi gefe a hankali zuwa inda sauran suka yi layi suna jiran a busa ƙaho. Na kunna na'ura, na ga lamba goma sha biyu ɓaro-ɓaro a allo.

"Baba, ka ga ni? Nan inda muke zurfinsa mita goma sha biyu ne."

Ya leƙa ruwan, ya dube ni. "To, Malam."

Sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ruwa ya rufe takalmina. Na sake dubawa, kular abincinmu na yawo. Ruwa na ɓulɓulowa daga bayan jirgin kamar an buɗe famfo, a take ledar Mista Colin ta faɗo mini a rai. Abin toshe ramin da ake tsiyaye ruwa ne a ciki, kuma yana can cikin mota.

Mita goma sha biyu. Ni kuma ko a baho ban iya iyo ba.

Ina so in ce na yi ta maza, amma akwai shaidu fiye da sittin. Na miƙe tsaye na kurma ihu da Hausa da Turanci a haɗe. Na yi kalmar shahada. Sannan na juya na rungume surukina ta ƙugu, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi sosai ba, na fara wasiyya.

"Baba ka yafe mini! Ban iya ruwa ba! Ka ce wa Hadiza ta yafe mini! Baba, kifin hoton nan ba ni na kama ba, na Graham ne! Ban taɓa kama ko ɗaya ba!"

"Malam, zauna," in ji shi.

"Ka kula da su Ummi!"

"Malam, ka zauna, za ka kifar da mu."

Ban zauna ba. Na ja da baya, ƙafata ta harɗe da igiya, sai ji kake tinjim. Sanyin ruwan ya ɗauke mini numfashi. Rigar ceto ta fashe da iska, fuu, ta shaƙe mini wuya, na koma kamar kwaɗon da aka taka. Ina ta bugun ruwa da hannu da ƙafa ina salati, sai na ji mazaunaina sun taɓa wani abu mai tauri. Tsakuwa ce. Na dafa, na miƙe.

Ruwan iya gwiwata ne.

Lambar nan goma sha biyu, ashe sanyin ruwan take aunawa.

Turawan nan da ladabinsu, kowa ya kau da kai yana gyara ƙugiyar da ba ta lalace ba, kafaɗu na rawa. Wani daga can ya ɗaga murya yana tambaya ko lafiya nake, "You all right, mate?" Na ɗaga masa babban yatsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Da na waiwayo, Baba ya riga ya kashe inji. Ya durƙusa a bayan jirgin, ya naɗe aswakinsa da hankici ya cusa a ramin, yana kwarfe ruwa da murfin kula. Hularsa ko karkacewa ba ta yi ba.

Na jawo jirgin zuwa gaɓa da ƙafa, na ɗauko abin toshewar. Matar nan ta ara mini busassun kaya na wani mai ƙiba. Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, mu koma gida."

"A'a. Wanda ruwa ya kayar, idan bai koma ranar ba, ba zai ƙara komawa ba. Hau."

Abin da na gani bayan nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Tsohon da ke lalube da bango a gidana ya zauna a bayan jirgi, sai ya zama wani mutum daban. Ya sa na kashe allon. Ya tsoma hannu cikin ruwa. Ya kalli inda tsuntsaye ke sauka, ya kalli inda iska ke yamutsa fuskar ruwan da inda ta bar shi. Tafkin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ba tasa ba, amma yana karanta shi kamar allonsa na makaranta. Ya nuna wani wuri kusa da ciyayi, inda launin ruwan ya ɗan yi duhu.

"Nan ƙasa ta gangara. Idan akwai babba, nan zai laɓe yana jiran ƙanana. Jefa."

"Ni, Baba?"

"Ni na kama nawa tun kafin a haife ka."

A jifa na huɗu sandar ta lanƙwashe har ta kusa fizge mini hannu. Baba bai taɓa ta ba, baki kawai ya sa. "Sake masa. Ja. Kada ka yi gardama da shi, bar shi ya gaji." Da kifin ya taso, na manta da kunyata gaba ɗaya. Irin wanda Turawa ke kira pike ne, tsawonsa ya kai hannuna tun daga kafaɗa, kore mai ɗigo-ɗigon zinare, haƙora reras. Baba ya ce, "Tubarkalla. Wannan ɗan'uwan tsage ne."

Da na gaya masa dokar gasar, cewa aunawa za a yi a ɗau hoto a mayar da shi, ya zaro ido. "A kama a saki? Su Turawan nan ba sa miya ne?" Amma shi ya sa shi a ruwa da hannunsa, ya tallafe cikinsa har ya farfaɗo, ya kaɗa wutsiya ya nutse. Muka bi shi da kallo har ya ɓace.

Ba mu ci gasa ba, ba mu ma kusa ba. A hanyar dawowa ban yi lacca ba. Mun kusa shiga Landan na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar hoton nan..."

"Tun ranar muka sani, Malam. Wanda ya kama kifi ba ya riƙe shi nesa da rigarsa."

Dukan Yauri sun sani ke nan, suka yi ta yabona.

Ya yi mini alkawari ba zai ba kowa labarin ba, kuma na yarda ya cika, don ni da bakina na gaya wa Hadiza. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma ga shi kyauta: idan dattijo yana ta ce maka "to, Malam", ba yarda ya yi ba, jira yake. Kuma kafin ka tona asirin kanka cikin wasiyya, fara zura ƙafa ka ji zurfin ruwan.