Sukurun Iska na Babur ɗin Nomau

A unguwarmu akwai wani dattijo da ake ce wa Nomau, wanda in ka ga ya canja hula, to ka tabbata gwamnati ce ta canja. Duk jam'iyyar da bai shiga ba, ba a kafa ta ba ne. Yana da wani tsohon babur da ya girmi ɗan farinsa, tankinsa ya sha fenti har ya yi kauri, domin duk lokacin da Nomau ya sauya sheƙa sai an shafe shi da launin sabon gida. In ka kankare tankin nan da farce, tarihin siyasar garinmu za ka karanta kaf.

To bana ma ya sake sauya sheƙa, ya kuma ƙwallafa rai a kan kujerar shugaban mazaɓa. Ranar da za a taro ɗan takara daga bakin gari, ya ƙudura cewa shi zai ja gaban ayari, don manya su gan shi da idonsu. Sai dai ayari tafiyar hawainiya yake yi, babur ɗin kuwa ba ya silo. Da an sassauta totur sai ya yi tari biyu ya mutu. Laifin kuma ba na kowa ba ne, na Nomau ne. Akwai ɗan sukuru a jikin kafireta da ke daidaita iskar da injin ke sha, shi kuwa kullum da sukudireba a aljihu. In aka ce masa a majalisa buɗe sukurun na rage shan mai, sai ya buɗe. Gobe wani ya ce rufewa na ƙara gudu, sai ya rufe.

Da hantsi ya turo babur ɗin yana gumi zuwa gindin darbejiyar Mati bakanike, wanda taubashinsa ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yana isa sai ga Alhaji Ɗan'azumi zaune a kan benci ana yi masa facin taya. Shi ne dattijon jam'iyya, wanda in ya ce a ba wane kujera, an ba shi ke nan. Nomau ya jingine babur ya zube yana kwasar gaisuwa.

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Nomau, ana ta kawo mini maganarka. Abin da mutane ke tsoro shi ne kada a ba ka kujera, iska ta kaɗa, a wayi gari ka yi gaba da ita."

Nomau ya dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, na rantse da girman Allah wannan karon na zo ke nan. Daga nan sai kabari. In ka ga na motsa, gawata aka ɗauka."

Alhaji ya ce, "To, madalla."

Shi kuwa Mati tuni ya tsuguna ya zare sukurun, yana juya shi a tafin hannu kamar mai duba tsakuwa a shinkafa. Ya ce, "Taubashi, wannan bawan Allah ya ga duniya. Haƙoransa sun cinye saboda juyi, 'yar robar da ke tare iska ta tsinke, ga shi yana shan iska ta ko'ina."

Nomau ya yi masa ido, wai ya rage murya. Ya ce, "Kai dai gyara, ban zo wa'azi ba. Tsohon doki sai mai shi."

Mati ya sa sabuwar roba, ya mayar da sukurun ya ɗaure har ƙarshe, sannan ya riƙa sassautawa a hankali, ya karkata kunne yana saurare. Da ya buga kik, sai ga tsoho ya kama silo, tif-tif-tif, lafiya lau ba tari ba atishawa. Daɗi ya kama Nomau, har ya fara hango kansa a gaban ayari yana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai ya ga Mati ya ɗauko gam yana kwance murfi.

"Me kuma za ka yi da wannan?"

"Liƙe shi zan yi. In ba haka ba, kafin ka kai shataletale girgiza ta kwance shi, babur ya mutu maka a gaban motar ɗan takara."

"In ka liƙe, shi ke nan ba ya sake juyuwa?"

"Har abada. Ya zauna ke nan."

Nan fa hankalin Nomau ya tashi, har ya manta da wanda ke zaune a benci. Ya cafke hannun Mati ya ce, "A'a, dakata mana. In yanayi ya canja fa? Yau zafi, gobe damina, mutum bai san yadda iska za ta kaɗa ba. Ka dai samo irin gam ɗin da zai riƙe shi na yau, a gama taro lafiya, amma in bukata ta taso, ana taɓa shi ya juya."

Mati ya mayar da murfin gam ya rufe, ya goge hannu da tsumma, ya saci kallon Alhaji, wanda ya ajiye tabarau yana sauraro.

Ya ce, "Irin wannan gam ɗin ba ni da shi, taubashi. Sai dai ka ɗiga masa rantsuwar da ka yi wa Alhaji ɗazu."