Gwaggo Hajijiya Ta Tafi Ba Ta Ji Ƙas Na Uku Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma cikin da ya shekara biyu bai ga komai ba sai ganye da dafaffen ƙwai, ni Wendell Kosciak, a madadin matata Lorraine da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Mahaya Lilo ta garinmu, nake sanar da rasuwar uwarmu kuma abokiyar ihunmu, jirgin lilo mai juyi na Wurin Shaƙatawar Tafkin Brannock da ke yammacin Pennsylvania, wadda babba da yaro suka fi sani da Gwaggo Hajijiya.

Marigayiyar ta riga mu gidan gaskiya cikin watan Janairu, dusar ƙanƙara na zuba, ƙofofin wurin a garƙame, babu ko mutum ɗaya daga cikin masoyanta a kanta. Ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana hidimar jama'a. Hukumar wurin ta fitar da sanarwa wai ta yi ritaya. Ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya yi ritaya gida yake komawa ya miƙe ƙafa. Ita kuwa da wutar walda aka yanka ta gunduwa-gunduwa, aka loda a tirela, aka kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Duk mai tambayar jinyar da ta yi, to ya sani ko ciwon kai ba ta yi ba. Rashin kunyar mutane ne ajalinta.

Marigayiyar ba doguwa ba ce, ba kuma mai gudu ba ce. Fentinta ya kwaile, layin dogonta ya yi tsatsa a wasu wuraren shan kwana, 'yan zamani kan wuce ta suna taɓe baki. Amma tana da hali guda wanda babu wani lilo a jihar nan da ya gada: ta san mutane. Taragunta zagayayyu ne kamar baho, kowanne na zaune a kan ƙusa ɗaya. Idan kaca ta ja ku sama tana kukanta na kullum, kaca-kaca-kaca, sai ku sha kwana sau biyu-uku a miƙe kamar mutanen kirki. Daga nan sai ka ji ƙwal! An saki sakata ke nan. Abin da ya biyo baya kuma tsakaninku ne da nauyin jikinku. In masu nauyi ɗaya suka zauna, da ƙyar za ta juya su, kamar mai gaisuwar dole. In kuwa ƙato ya zauna a gefe guda, siririya a ɗaya gefen, to sai a yi musu addu'a. Ba ta taɓa ba mutum hawa iri ɗaya sau biyu ba.

Ita ce ta aurar da ni. A wancan lokacin ni kaɗai na zo, Lorraine ma ita kaɗai, ba mu san juna ba. Odessa Tolliver, wadda ta yi rabin rayuwarta tana zaunar da mutane a taragun marigayiyar, ta dube ni ta dube ta, idonta ya yi ƙyalli.

“Kai babba, can ƙarshe. Ke tsinken tsintsiya, nan ƙarshe. Tsakiya ku bar wa Allah.”

A ranar koren taragon da ta saka mu ya juya mu har masu jiran layi suka yi tafi. Da muka sauko Lorraine ta amaye mini sabon takalmi, ta ɗago kai ta ce, “Mu koma.” Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura mana aure.

Marigayiyar ba ta da son kai, amma tana da doka. Ƙarfen da ake saukar wa mutum a cinya sai ya yi ƙara sau uku kafin tarago ya motsa: ƙas, ƙas, ƙas. Na yi shekaru ina samun ukun nan ba tare da na ko lura ba. Sai aure ya karɓe ni, girkin Lorraine ya karɓe ni, rumfar soyayyen dankali da ke gefen marigayiyar ta ƙarasa sauran. Wata Asabar cikin Agusta, layi ya cika maƙil, aka saukar mini da ƙarfe. Ƙas, ƙas. Shiru.

“Wendell, ja numfashi,” in ji Odessa.

“Na ja.”

“Ja na gobe ma.”

Ta sa kafaɗa ta danna, ta kira abokin aikinta suka danna tare, har idona ya firfito. Na uku ya ƙi. A cikinmu mahaya akwai sunan abin da ya biyo baya, tafiyar kunya muke ce mata: ka tashi a gaban jama'a, ka bi ƙofar fita, yara na leƙenka. Ina cikin tafiyar na ji taku a bayana. Lorraine ce ta sauko.

“Koma ki hau mana,” na ce.

“Da wa? Wa zai juya ni? Ka rage, ina jiranka.”

Ta kuwa jira. Bazara biyu cur ba ta taka taragon marigayiyar ba, ita da ba ta iya wuce ta ba tare da ta hau sau uku ba. Ni kuma na yi sallama da pierogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki da surukata ke dafawa, na yi sallama da gasasshen tsire, na dinga zagaya tafkin nan da ƙafa har karnukan unguwa suka daina yi mini haushi. A bakin layin marigayiyar akwai kujerar gwaji, duk ranar hutu sai na je na zauna. Ƙas, ƙas. In tashi in koma ga ganyena.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake rufe wurin sai kuma Mayu, na zauna a kujerar gwaji da yamma, na ja ƙarfen. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Lorraine ta kama hannuna muka shiga layi.

A nan ne nake so masu ta'aziyya su buɗe kunne, domin an fara yaɗa maganganu a gari. Muna tsakiyar layi sai ga shugaban ƙungiyarmu, Dwight Petrusky, ya taho a guje, madubin hangen nesa na lilo a wuyansa, yana haki.

“Wendell! Tutoci! An kafa tutoci a bayan shinge!”

Wanda ba mahayi ba ba zai gane ba. A wurinmu, ganin 'yan ƙananan tutocin masu awon ƙasa kamar ganin jinjirin wata ne. Shekara da shekaru muna ƙorafi, muna zagin hukumar wurin a intanet, muna cewa an bar mu da tsofaffin kaya, a kawo mana sabo. To ga tutoci.

“Dwight, layi nake bi. Na samu na uku.”

“Barka, mutumina, barka! Amma dubi tsawon layin nan. Lorraine ta riƙe maka. Leƙawa kawai za mu yi mu dawo. Gwaggo ina za ta? Tun kana da gashi take nan.”

Na dubi Lorraine. Ta ce, “Kada ka daɗe.”

Ina so a rubuta a ajiye cewa ba ni na ce a hau tudun bayan rumfar dankali ba. Ba ni na tayar da gardamar ko na katako ne za a gina ko na ƙarfe ba. Abin da na sani, mutum ba zai tsaya yana ji Dwight na cewa wannan fili ya yi wa lilo mai juyi kaɗan ya yi shiru ba, dole a gyara masa. Muka auna da ido, muka auna da taku, muka yi zane a ƙasa da tsinke, mu takwas, manyan mutane masu jikoki. Muna cikin haka aka busa ƙahon rufewa.

Na yi gudu. Karo na farko cikin shekara ashirin da jikina ya yarda in yi gudu, kuma bai amfane ni da komai ba. Na iso na tarar an ja sarƙa a bakin layi. Lorraine na tsaye a gaba ita kaɗai. Ashe ta kai gaba tuntuni, ta yi ta matsawa gefe tana cewa na baya su wuce, su wuce, har babu sauran na baya. Koren tarago na shigowa fanko, birkinsa ya yi dogon numfashin nan nasa, tsssss.

“Na riƙe muku shi har oga ya yi mini tsawa,” in ji Odessa. “Wendell, gidan uban wa ka shiga?”

Dwight ya dafa kafaɗata. “Haba, abin ba na tashin hankali ba ne. Mayu kamar gobe ne.”

Allah ya isa tsakanina da wannan magana.

Cikin Janairu wani maƙwabcin wurin ya ɗauki hoto ta tagar benensa ya saka a intanet. Rabin marigayiyar a kwance cikin dusar ƙanƙara, rabi a tsaye, ƙatuwar mota mai dogon wuya na ɗaga ƙashin bayanta. Ashe tutocin da muka yi wa tafi, kabarinta ake aunawa. Daga kan tudu gefe ɗaya muka hango, muka ɗauka maƙwabciya za a yi mata. Na kai wa Lorraine wayar. Ta duba, ta miƙo mini, ta ci gaba da wanke-wanke.

“Alamar da kuka je nema bayan shinge tana nan a ƙafafunta,” ta ce. “Kowane ginshiƙi an shafa masa jan fenti. Ina tsaye a layi ina kallonsa, ba wanda zan nuna wa.”

Marigayiyar ta rasu ta bar babbar yayarta, lilon dawakan katako, wadda tsufa ya sa kiɗanta ya koma kamar tari. Ta bar ƙanenta, motocin karo da juna, waɗanda ba su taɓa sanin ciwon kansu ba. Ta bar Odessa, da aka mayar bakin ƙofa tana duba tikiti. Ta bar rumfar dankali, wadda ni dai na yafe mata. Ta kuma bar ƙungiyar mahaya guda, marasa alkunya, da tun ƙasar kabari ba ta bushe ba suka koma kan tudun nan da madubansu suna ƙirga ginshiƙan magajiya, sabon lilon da ake ginawa a gurbinta.

Ai kuwa an sanar da magajiyar. Ta ninka marigayiyar tsawo. Ita ma mai juyi ce, amma inji ne ke juya taragunta, kwamfuta ke ba shi umarni. Ƙato da siririya, mutum huɗu ko mutum ɗaya, juyi iri ɗaya za a raba wa kowa kamar abincin asibiti. Ba ruwanta da wanda ya zauna a ina. Da a kanta muka haɗu da Lorraine, da kowa ya sauka ya kama gabansa. Shi kuwa Dwight har gida ya biyo ni da hoton, wai ya zo lallashi.

“Dubi kujerun, Wendell! Faɗi gare su kamar na falo. Sun ce an yi su ne don manyan mutane. Ka ga ko ba ka rage ba za ta ɗauke ka!”

Shekara biyu ina cin ganye kamar akuya. Na buɗe masa ƙofa da kaina, kuma maƙwabta shaidu ne ban taɓa shi ba.

Ga tsarin jana'iza. Odessa, Allah ya saka mata, ta tare direban tirela ta ƙarshe a bakin ƙofa, ta ƙi ɗaga masa sanda sai da ya sauke koren tarago. Surukina Gus ya dasa shi a bayan gidanmu a kan gindin tayar babbar mota, yana juyawa in an tura. Za a taru ranar Asabar mai zuwa a gidanmu da ke Titin Alder. Odessa ce za ta saukar da ƙarfe. Dwight Petrusky da mutum shidan da suka hau tudu su ne za su yi turi, da hannu, ba hutu, har sai an ce ya isa. Ba ma buƙatar furanni. Mai kawo pierogi ya ajiye a mota sai an sauko. Kada kowa ya shigo mana da madubin hangen nesa, kuma duk wanda ya ambaci sunan magajiya shi ma zai shiga turi.

Abu ɗaya ya rage wanda ba a hannuna yake ba. Tun Janairu Lorraine ba ta leƙa bayan gida ba. Shekaranjiya na zauna a gefena na koren tarago ni kaɗai na ja ƙarfen, ƙas, ƙas, ƙas, sai na ji an kashe famfo a kicin. Can ta ɗaga taga.

“Ranar Asabar ƙarfe huɗu zan fito,” ta ce. “In na tarar da gefenka babu kowa, ciki zan koma. Na gama riƙe wa mutane layi.”

Saboda haka masu zuwa ta'aziyya su yi mini uzuri, ba zan taso in tarbe su a ƙofa ba. Su zagayo ta baya. Tun da sassafe za su same ni a zaune a gefena, ƙarfe a cinya, ina riƙe mata layi.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.