Mai Neman Tsawa ta Bakwai

Wani ne a Shagari, tun zamanin da ko labarin Nasara ba a ji ba a ƙasar Sakkwato. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa da kowa, sai dai shi da aiki ba sa ga-maciji. An ba shi gona, ya ce rana ta yi yawa. An ba shi kiwo, shanu suka dawo gida da kansu, suka baro shi yana minshari a gindin gawo. Matarsa Atika ce ke riƙe da gidan da kaɗin zare.

Wata rana da damina tsawa ta faɗa wa rumbun maƙwabcinsa. A garin nan, in haka ta faru ba mai taɓa wurin sai maƙera sun zo. Aka aika Boɗinga. Washegari sai ga Sarkin Maƙera Ɗantani ya iso, sanye da walkinsa na fata. Ya zaga rumbun, ya yayyafa madara, ya sa aka tona, ya zaro wani ɗan baƙin dutse, ya ce ga gatarin aradu nan an fitar, kowa ya kwantar da hankalinsa. Aka kawo fura. Aka kawo tuwo da zabo. Da zai tafi aka jawo masa rago.

Mutumin namu yana tsaye baki buɗe. Duk abin da aka yi, ragon kawai ya gani.

Ya ruga gida. "Atika, na samu sana'a!"

"Wace iri kuma?"

"Wadda mutum ka yi rana guda, shi koro rago gida. Boɗinga za ni."

Ta ce, "Allah shi sa alheri," ko ɗago kai daga mazarinta ba ta yi ba.

Ya isa Boɗinga, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya faɗi ya yi gaisuwa a bakin rumfar ƙira.

"Ranka shi daɗe, sarkin wuta, uban ƙarhe. Na zo a koya min aikin tsawa."

Sarkin Maƙera ya dube shi sama da ƙasa. "Ka taɓa ƙira?"

"A'a."

"Ubanka maƙeri na?"

"A'a, amma shina da lauje."

Sarkin Maƙera ya yi murmushi, ya ce, "To saurara. Nan gidan, gawayi aka hwara ɗauka. In an iya, a hau zugazugi. In an iya, a riƙe arautaki na kama jan ƙarhe, daga nan a ɗauki masaɓa a yi duka. Aikin tsawa shi na na ƙarshe."

"Ranka shi daɗe, ni na ƙarshen nika so. Sauran a bar ma masu sha'awa."

"Ba a hawan icce ta bisa. Kuma ko ka iya ƙira, ba ni ɗaura maka walki in ba ka izinin taɓa wurin da tsawa ta hwaɗi sai ka bi ni aiki sau bakwai. Ka tsaya bayana, kan ƙahwahunka, idonka biyu, kana kallon abin da nika yi. Duk wadda munka je, in yi maka tsaga guda ga ginshiƙin rumhwag ga. Ran da sunka cika bakwai, walki naka na."

Mutumin ya lissafa a yatsu, ya ga bakwai ko hannu biyu ba ta cika ba. Ya ce, "Mako guda ke nan."

Ashe kallon kitse ya yi wa rogo. Tsawa ba ta cin kasuwa, balle a san ranarta. Damina ta farko aka je sau biyu. Ta biyu sau ɗaya. Ta uku ko ɗuriyarta. Ga gawayi kullum a ka, ga zugazugi har damatsa su yi tsami. Ƙirar kuwa kada ka so ka gani. Ya taɓa ƙera fartanya, mai ita ya dawo yana tambaya ta wane gefen ake noma da ita.

Sai da ya yi damina biyar kafin tsaga ta kai shida. Kullum da safe sai ya je ya shafa ginshiƙin ya ƙirga, ko Allah ya sa wata ta tsiro. Ya taɓa gwada ƙara ɗaya da ƙusa. Sarkin Maƙera ya gani, ya ce, "Wagga tsaga karkatacciya ta, awa hwartanyakka," ya sa shi ya kankare ta da hannunsa.

Damina ta shida ta kama, ya leƙa gida Shagari. Ya tarar Atika ta wanke ƙorenta ta jera a ɗaure.

"Mi na na haka?"

"Shiri na. Shekara biyar kana ce min rago na nan tahe. Ban ga rago ba, ban ga walki ba, baƙin gawayi kaɗai nika wankewa ga rigakka. In anka yanke gero bana ba ka shigo gidan ga da walki ba, ka iske ni Sifawa gidan ubana."

"Haba Atika, saura guda ɗai!"

"Bara ma haka kac ce."

Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don duk lalacinsa yana son matar nan kamar ransa. Ya koma Boɗinga ba ya ko iya cin tuwo. Tun daga ranar, in hadari ya haɗo, manoma na roƙon ruwa, shi yana gefe yana roƙon abin da ke biyo ruwan. In aka yi tsawa mai ƙarfi, mata na salati, shi sai ya fito da gudu yana tambaya, "Gidan wa? Gidan wa?" A ce ba gidan kowa. Ya ce, "Kash!"

Da ya ga shiru, sai ya shiga bin gidaje yana duba masu dogayen itatuwa. Ya je gidan wata tsohuwa da ake kira Inna, mai ƙatuwar tsamiya a tsakar gida da rumbu biyu a gindinta.

"Salamu alaikum. Inna, ina gajiya? Kai, iccen ga naki ya yi tsawo, tubarkalla!"

"Kakana yad dasa shi, ɗana."

"Ga rumbu kusa, ga rago can ɗaure. Komi ya ji. Allah shi sa bana mu zo miki aiki."

"Amin, ɗana. Wane aiki kaka yi?"

"Yaron Sarkin Maƙera na ni. Ɓangaren tsawa."

Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ranar ta manta da sandar. Da taɓarya ta raka shi har bakin kasuwa. Kafin mako ya zagayo, duk gidan da ya yi wa sallama sai a amsa daga ciki, "Mun gode, ba mu bukata!"

Gero ya fitar da kai. Gero ya fara nuna. Hadari ya fara ja da baya. Mutumin ya rame, ya zauna bakin zugazugi ya yi tagumi.

Ran nan da la'asar sai ga wani baƙin hadari ya taso daga gabas, irin na bankwana. Sarkin Maƙera ya miƙe, ya faɗi abin da yake faɗa duk damina. "A kwashe ƙarahwa a kai ɗaki! Kowa shi nisanci giginya! Kada in ga mutum bisa tudu da ƙarhe ga hannu, don shi tsawa ka nema!"

Shekara biyar yana jin maganar nan tana shiga ta kunnen dama tana fita ta hagu. Ranar ta zauna. Ya ce a ransa, "Ashe ana sane da abin da taka so, anka bar ni ina yawon gidaje!"

Aka ce ya kai ƙarafa ɗaki, sai ya zarce da su bayan gari. Ya rataya fartanyu shida a wuya. Ya soke lauje biyu a ɗamara. Ya kifa wani guntun ƙarfen garma a ka. Ya riƙe masaɓa a dama, arautaki a hagu. Yana tafe yana ƙara kamar jakin 'yan koli. Ya haye tudu, ya tsaya a gindin giginyar da ta fi kowace tsawo, ya ɗaga hannuwa sama.

"To, ga ni, ga ƙarhe, ga giginya! In da wani abu da kika so, ki hwaɗi!"

Bai rufe baki ba. Wal! Tararatsa! Giginya ta dare biyu. Mutumin ya tashi sama, ya faɗo can cikin gonar wake. Fartanyu suka watse gabas da yamma.

Wasu makiyaya da ke fake da shanunsu nesa suka gani, suka sheƙa gari. Kafin ruwa ya tsagaita, ga Sarkin Maƙera ya iso da ƙwaryar madara, rabin Boɗinga na biye da shi, har da Inna. Suka same shi a miƙe, gemu ya ƙone, gira ta tafi, riga na hayaƙi, takalmi ɗaya na rataye a reshen kargo. Sarkin Maƙera ya durƙusa, ya tallafo kansa, don shi ma ya saba da wawan nasa. Ya sheƙa masa madara a fuska, ya ɗura masa saura, ya sa aka tona gindin giginyar.

Can sai mutumin ya yi atishawa. Ya buɗe ido ɗaya. Jama'a suka ɗauki hamdala.

Ya ce da ƙyar, "Ranka shi daɗe... ta hwaɗi?"

"Ta hwaɗi, ɗan nema. Saura ƙiris ta tahi da kai."

"An zuba madara?"

"Ga ta nan kana lasa."

"An tona?"

"An tona, ga dutsen."

Ya washe baki, haƙora kaɗai ke fari a fuskar. "Alhamdu lillahi! Bakwai ta cika. A aika ma Atika ta kwance ƙorai. Ina walkina?"

Sarkin Maƙera ya girgiza kai. "Wane walki? Mi nic ce maka ran da kaz zo? Ka tsaya bayana, kan ƙahwahunka, idonka biyu. Yau gabana kake, kwance, ido ruhe. Ba aiki kab bi ni ba, kai na aikin. Wagga ba ta shiga ginshiƙi."

Mutumin ya lashe madarar da ke leɓensa. Ya dubi giginya, ya dubi Sarkin Maƙera. Can gabas aka sake wata walƙiya, wani hadarin na tasowa. Sai ya yunƙura ya tashi, yana tangaɗi, ya bi gona ya tsinto fartanyu ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya rataya su a wuyan Sarkin Maƙera, ya miƙa masa masaɓa.

"To ranka shi daɗe, yi maza kahin ta wuce. Ga wata giginya can. Kai ka riƙe, ni in tsaya bayanka!"