Ranar da Na Lanƙwasa Bututun Bature

Duk Tudun Wada an san ni da haƙuri, kuma babu mai lanƙwasa kwagiri kamata. Da ƙyar na samu aikin lebura wajen jan ruwa zuwa gidan wani Bature, amma tun ranar farko kallon sanda nake yi wa bututun tagulla.

Ƙwaya ɗaya ne, an daɗe ana jiran jirgin ƙasa ya kawo shi daga Ikko. Shugabanmu, Malam Tanimu, ya ce za a lanƙwasa shi ya bi kusurwar bango, amma mu jira shi ya je ya dawo.

Na zauna, na tashi, na leƙa hanya, na sake zama. Hannuna sai ƙaiƙayi yake yi. Na ce wa sauran leburori, "Ku matso ku ga aiki." Na ɗora bututun a gwiwa na danna. Nan take ya lotse kamar ɗanyen kara. Na yi maza in miƙe shi, ya tsage.

Sai ga Malam Tanimu da ƙwaryar yashi. Ya yi salati, ya dube ni ya ce:

"Malam, sanda ce? Cikinsa fa rami ne! Sai an ɗura masa yashi, a bi shi a hankali."

Na ce, "Ai a hankali na bi shi."

Kafin azahar aka sallame ni.

Har yau in na sunkuya ɗaukar buta a ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Tsaya, Malam, a ɗura maka yashi tukuna, kada ka tsage!"