Saura-Ƙiris da Ƙusa ta Goma Sha Biyu

Duk wanda bai taɓa ganin Yallaɓai Aubrey Fanthorpe yana saukowa daga mota ba, bai san abin da ake kira martaba ba. Motar ba tasa ba ce, bas ɗin ƙauyenmu ne, kuma kusa da kwandon kaji yake zama. Amma in ya sauko sai ka rantse ƙasa ce ta roƙe shi ya taka ta. Hanci a sama, sanda a hammata, gashin baki ya sha mai har yana ɗaukar ido. Shi ne magajin sarautar Earl na Thornmarsh, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba, har karnuka.

Sarautar tsohuwa ce. A bakin Aubrey, kakansu na farko shi ya riƙe linzamin Ingila ranar da ta kusa kifewa. A bakin tsofaffin mashaya kuwa, linzamin dokin sarki ya riƙe, ranar da cikin sarki ya ɓaci a wajen farauta ya faɗa bayan kurmi. Sarki ya fito yana ajiyar zuciya, ya ga mutum tsaye bai yi dariya ba, sai ya ba shi sarauta da fadama. Tun daga ranar zuriyar ba ta sake yin aiki ba, wancan ɗin ya ishe su. Wani a cikinsu ya kai dajin da suka gada wurin caca ya dawo hannu rabbana. Wani ya yi rabin rayuwarsa ba ya magana da kowa sai karensa, kuma an ce karen ne ya fara gajiya. Suna nan rataye a bangon matakalar babban gida, hoto bayan hoto, su goma sha ɗaya. Haɓarsu iri ɗaya ce, wato babu ita.

Gidan yana da ƙa'ida. Namiji kaɗai ke gado. Sannan ba a buga ƙusar hoton sabon Earl sai an binne tsohon.

To, Earl mai ci, tsoho Cuthbert, yayan marigayi mahaifin Aubrey ne. 'Ya'yansa duk mata, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ke nan in ya kau, sarauta ta faɗo kan Aubrey. Yallaɓai ya gano haka tun yana saurayi, nan take ya ajiye makaranta ya kama sana'ar jira. Ya iya ta kuwa. Me ya sa ba ka aiki, Yallaɓai? Mai jiran gado ba ya jiran albashi, saura ƙiris. Aure fa? Matar Earl ba daga ƙasa ake hango ta ba, saura ƙiris. Gashinsa ya yi furfura, haƙora suka fara sallama, ana nan dai saura ƙiris. Sunan da ya bi shi ke nan.

Duk yamma yana mashaya, bayansa ga murhu, yana tare wa kowa ɗumi.

"Jama'ata," in ji shi, "ba da daɗewa ba nauyinku zai hau wuyana. Ban nema ba. Jini ne ya nema mini. Ranar da na hau, agwagin kududdufi ma za su san an yi sauyi. Babu wadda za ta sake tsallaka hanya ba da izini ba."

Ned mai kaɗa ƙararrawar coci ya ajiye kofinsa. "Ranka ya daɗe, ai ɗazu da safe na ga Baffanka a kududdufin nan yana iyo. Ƙanƙara yake fasawa da ƙirji."

"Ƙarfin hali ne, Ned. Fitila in za ta mutu haske take ƙarawa."

A fannin zumunci kuwa ba a taɓa yin kamarsa ba. Kullum da hantsi yana babban gida gaishe da Baffa. Angulu ma ba ta kai shi kula da lafiyar saniya ba. In tsoho ya yi tari, sai ka ga idon Aubrey ya kawo ruwa don tsabar ƙauna.

"Baffa, wannan tarin... tun yaushe ya fara?"

"Ƙashin kifi ne, yaro. Tafi gida."

Wani hunturu mura ta kwantar da Cuthbert. Likita ya fito daga ɗakinsa yana girgiza kai. Ruwan sama ne ya shigar masa kunne, amma Aubrey bai tsaya tambaya ba. Dama hotonsa na nan an zana tun tuni, sanye da alkyabbar aro, mai zanen har ya yi masa kyautar haɓa. Ya samo guduma da tsani, ya hau, ya auna gurbi na goma sha biyu. Aikin hannu na farko ke nan da wani Fanthorpe ya yi tun zamanin linzami.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Ƙofa ta buɗe. Ga gawa tsaye cikin bargo, hanci ja wur. Tsoho ya dubi ƙusa, ya dubi ɗan ƙanensa a kan tsani.

"Ta shiga sosai?"

"Ta... ta rataya laima ce, Baffa."

"Madalla. A bar ta nan. Kada wanda ya cire."

Washegari Cuthbert ya yi aski, ya cinye ƙwai da nama, ya taka har tashar bas. Direbar bas ɗin ita ce Winifred Tapscott, wadda yaƙi ya cinye mijinta ya bar mata sitiyari. Ta kusa arba'in, damtsenta kamar na ɗan kokawa. Tsoho ya cire hula a gaban fasinjoji ya ce yana son ta aure shi.

"Shigo ka zauna, Ranka ya daɗe," in ji ta. "Sai na kai mutanen nan kasuwa tukuna."

Kafin furanni su gama fitowa an ɗaura. Yallaɓai Saura-Ƙiris, mai furfura, ya wayi gari yana kiran direbar bas Inna. Ita kuwa ba ta yi masa rowa ba, ko a tsakiyar coci sai ta ce, "Ɗana, gyara wuyan rigarka."

Shekara ta zagayo, Cuthbert ya cika a kujerarsa, da murmushi a fuska irin na wanda ya ɗana tarko ya tafi barci. A maƙabarta Aubrey ya yi kuka da ido ɗaya, ɗayan yana ƙirga tagogin babban gida. Ana gama zuba ƙasa ya juya zai tafi rataya hoto, sai lauyan gidan ya riƙe masa hannun riga. Inna tana da ciki. Doka kuwa a fili take: sarauta za ta tsaya cak, ba ta kowa ba, sai an sauka. In namiji ne, Earl ne tun yana ciki. In mace ce, Aubrey ya hau.

Nan fa babban mutum ya koma ɗalibin ciki. Ya bi tsofaffin mata gida gida yana tambaya, in ciki ya yi sama mene ne, in ya yi ƙasa mene ne. Wata ta ce masa mai kwaɗayin zaƙi mace take haifa, sai ya dinga aika wa Inna zuma da alewa kwando kwando. Ta shanye, ta aiko a ce wa ɗanta ya ƙaro. A mashaya ma wa'azi ya sauya.

"Ɗiya mace rahama ce, jama'ata! Ni tun asali ba ni da burin da ya wuce in ga mata sun cika duniya. Me namiji ya taɓa tsinana wa ƙasar nan?"

"Kai ka fi mu sani, Yallaɓai," in ji Ned.

Rana ba ta ƙarya. Wata Talata da azahar naƙuda ta kama, ƙauye duka ya taru a farfajiyar babban gida. Aubrey yana gaba, alkyabba a ƙarƙashin kwat, kambin sarauta a kwalin hula. Can sai tagar sama ta buɗe, ungozoma ta leƙo.

"Mace ce!"

Ta maida taga garam, da gudu ta koma ciki. Mai hankali zai tambayi kansa, gudun me take yi bayan an gama? Amma mai haƙuri ya dafa dutse, romo kawai yake hange.

"Ned! Babbar ƙararrawa!"

Babbar ƙararrawar nan ba a taɓa ta sai an yi sabon Earl. Ned ya ruga coci. Aubrey ya jefar da kwat, ya ɗora kambi, kambi ya zarce har kan kunnuwa. Ya haye matakalar ƙofa ya ɗaga hannu.

"Jama'ata! Ni, Aubrey, Earl na goma sha biyu, na yafe wa duk wanda ya yi mini dariya. Ban manta ba, amma na yafe. Daga yau duk wanda zai yi mini magana sai ya ja da baya taku uku. Jaririyar nan kuma zan riƙe ta kamar 'yar cikina, muddin uwarta ta kwashe kayanta kafin Lahadi. Game da agwagi kuwa..."

Taga ta sake buɗewa.

"Don Allah ku rage mana surutu! Akwai na biyu. Namiji ne!"

Kowa ya juyo yana kallon Aubrey. Ƙararrawa kaɗai ke ta kaɗawa, don Ned yana can cikin hasumiya ba ya jin komai. Ba wanda ya je ya tsayar da shi. Me za a tsayar? Ai ba ƙarya yake kaɗawa ba, an yi sabon Earl. Hannun Aubrey yana nan a sama, ya rasa inda zai sauke shi. Wata agwagwa ta tsallaka hanya.

Ranar suna aka rataya hoton jariri a gurbi na goma sha biyu. Kowa ya yaba ƙusar, an ce tun da aka gina gidan ba a buga mai kyaunta ba.

Amma kada ku ce Yallaɓai ya yi asara. Jariri ba shi da ɗa, ke nan har yau Aubrey ne magaji. Kullum da hantsi yana babban gida gaishe da Earl, hula a hannu, ya ja da baya taku uku. Rannan yaro ya yi atishawa a cikin shimfiɗa. Idon Aubrey ya kawo ruwa.

"Inna, wannan atishawar... tun yaushe ta fara?"

"Man gashin bakinka ne, ɗana. Likita ya ce jikin ubansa ya ɗauko, zai kai casa'in yana iyo."

Saura ƙiris.