Tafiyar Ciniki

A shekarar fari, soja na mulki, na gama tara albashina na koyarwa don in sayi tsohuwar mota. A wani garaji a Yamai na gan ta, 'yar ƙarama, fara kamar balbela. Tun ban taɓa ta ba na raɗa mata suna.

An rubuta kuɗinta a gilashi, an ƙara da cewa ba ciniki. Na yi murmushi. Ni da na girma ina bin innata Babbar Kasuwa, na san ko allura ba a saye sai an juya baya, mai kaya ya kira.

Na taya. Mai garajin, wani dattijo, ko albarka bai ce ba.

"Ɗiyata, abin da ke rubuce shi ne."

"To Baba, na tafi."

"Ki gai da gida."

Na juya a hankali. Na kai ƙofa, shiru. Na tsaya gyaran ɗankwali, shiru. Na ce muryar tsoho ba ta kai nisa, sai na ƙara rage sauri. Da haka na isa gida, kuɗina cif a jaka.

Washegari na koma, an sayar. Daraktan lakkol ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, shi ne ya saya, dattijon kuma ya ba shi labarina gyara.

Har yau in ya same ni ina tafe a ƙasa, sai ya rage gudu, ya leƙo: "Malama, a kira ki, ko ba ki gama tafiyar ba?"